Darasi na Tara: Cututtukan Itatuwa Ma Suna da Dangi

Ranar wata Laraba bayan la'asar, wani dattijo mai lambu a fadamar wajen Wudil ya shigo ajinmu da buhu a kafaɗa. Ya zazzage shi a kan tabarma. Ga reshen mangwaro da ganyensa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, ga kuma ɓawon gindin lemo da ƙaro ya daskare a jikinsa.

Ya ce, "Malam, duba min. Magani ɗaya na fesa musu. Mangwaron ya ɗan farfaɗo, lemon kuwa sai hawaye yake ta yi daga gindi. Ko jabu aka sayar min?"

Na ce, "Baba, ba lallai jabu ba ne. Abin da ke cin mangwaronku da abin da ke cin lemonku ba gida ɗaya suka fito ba."

Ya yi dariya ya ce, "Au, cuta ma gida gare ta?"

Gida gare ta, har da 'yan ɗaki da 'yan uba.

Mece ce fumfuna?

Kowa ya san fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko burodin da aka manta a leda. Ita da naman kaza da ke tsirowa a juji da damina duk jinsi ɗaya ne. A littattafai ana kiran jinsin naman gwari. Jikinsu zare ne siriri da ido ba ya gani sai ya taru da yawa. Irinsu kuma ƙura ce, iska na ɗaukarta, ruwa na ɗaukarta, ƙwaro ma na ɗauka. Mafi yawansu ba ruwansu da mu, ruɓaɓɓen ganye suke ci su mai da shi taki. Kaɗan ne ke shiga itace mai rai.

Yadda ake gane dangi

A da masana da ido suke rarrabe su, ta madubin da ke ƙara girman abu. Yanzu akwai hanyar da ta fi. Kowane mai rai yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, wanda ya gada daga iyayensa. Ana kiransa di-en-e. Ku da kuke fama da baƙaƙe a wannan aji, ku ji abin mamaki: haruffa 4 kacal aka yi wannan rubutu da su, A da T da G da C.

Ku tuna yadda magabata ke kwafar littafi da hannu. Idan mai kwafa ya tsallake kalma, duk wanda ya kwafa daga wurinsa zai tsallake ta. To idan ka ga littafi biyu da gurbi iri ɗaya a wuri ɗaya, ka san tushensu ɗaya ne ko da ɗaya yana Kano ɗaya yana Haɗeja. Haka masana ke jera rubutun fumfuna biyu su gwada. Bambanci kaɗan, 'yan ɗaki ne. Bambanci mai yawa, zumuncin ya yi nisa.

Wannan gwaji ya kunyata ido sau da yawa. Akwai wata fumfuna da ta kashe itatuwan da ake kira elm fiye da miliyan 25 a Birtaniya. Shekaru da dama ana sa ta a gidan da ake kira Saratosistis, domin dukkansu suna fitar da wani abu kamar gora mai dogon wuya, irin na taruwa a bakinsa. Da aka karanta rubutun jikinsu sai aka ga ba su haɗa ko kaka ba. Kama da wane ba ta wane.

Gidan Fusariyum

Ku furta shi a hankali: Fu-sa-ri-yum. Wannan babban gida ne, kuma a ƙasa yake zama. Ta saiwa yake shiga, ya toshe hanyoyin da ruwa ke bi ya hau sama. Shi ya sa shuka ke yaushi alhali ƙasa na da danshi. Masu noman tumatir a Kadawa da Kura sun san irin wannan yaushi: ganyen ƙasa ya yi rawaya, wani lokaci ɓangare ɗaya kawai, in ka tsaga karan ka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa.

Na tumatir yana da 'yan'uwa. Ɗaya ayaba yake ci, shi ne ya durƙusar da manyan gonakin ayaba a tsakiyar nahiyar Amurka wajen shekarun 1950. Ɗaya kuma dabino yake ci. Larabawan Maroko suna kiran cutarsa bayud, daga kalmar fari, domin reshe ne ke fara yin fari ta gefe ɗaya kafin ya bushe. Ta kashe dabino sama da miliyan 10 a Maroko, ta tsallaka Aljeriya ma.

A madubi waɗannan uku kusan fuskarsu ɗaya. Amma kowa da abincinsa. Na tumatir ba ya kashe dabino, na dabino ba ya kashe ayaba. Saboda haka mai tumatir da ya ga yaushi ba sai ya tsorata a kan dabinonsa ba.

Halin gida dai ɗaya ne, kuma nan ne amfanin sanin dangi. Duk suna iya shekaru a cikin ƙasa suna jira. Duk suna tafiya a jikin dashe, da ƙasar da ta manne a fartanya, da ruwan ban-ruwa. Feshin ganye ba ya kai musu, tunda suna can ciki. Har lalle yana iya ɗaukar cutar bayud a jikinsa ba tare da ya nuna alama ba. Mutanen Dutse da kewaye, inda dabino yake dukiya, ku riƙe wannan: kada kwaɗayin iri mai suna ya sa ku karɓi 'ya'yan dashe da aka shigo da su daga wata ƙasa ta bayan fage. A Dutse akwai tashar binciken dabino ta hukumar NIFOR. Tambaya a can ta fi sauƙi a kan asarar garka.

Masu shiga ta rauni

Gidan Saratosistis da na ambata ɗazu ba ta saiwa kaɗai yake aiki ba, rauni yake nema. An fara bayyana shi a 1890 a jikin dankalin Hausa, inda yake sa baƙin ruɓa. Wani ɗan gidan ya ɓulla a ƙasar Oman a 1998 ya yi wa mangwaro mummunar ɓarna, haka ma a Fakistan. Wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawo ne ke kai shi daga itace zuwa itace. Dangin nan suna fitar da ƙamshi kamar na nunannen 'ya'yan itace, ƙwari su taho su kwashi iri.

Masu bin rauni suna da yawa, ba wannan gida kaɗai ba, kuma adda na daga cikin manyan motocinsu. Ni ma na taɓa cin tuwon wannan kuskure. Wata damina na sare wani reshen mangwaro da ya bushe daga sama. Da na ga addar na ci sai na zarce na yi wa sauran guda uku kwaskwarima, ban wanke ta ba. Kafin kaka biyu daga cikinsu sun fara bushewa daidai inda na sara. Ba wanda na zarga sai hannuna.

Abin yi ba wuya. A yi sara da rani, ba lokacin ruwa ba. A sare reshe can ƙasa da inda cikinsa ya canja launi, kamar taƙi ɗaya, har sai an ga itace fari tas. A haɗa ruwan bilic awo 1 da ruwa awo 9, a tsoma adda ko zarto kafin a taɓa wani itacen. Reshen da aka sare a ƙone shi, kada a jingine shi a jikin shinge. Masu auren mangwaro su ma su riƙa goge wuƙarsu, kuma kada su ɗebo reshen aure daga uwar da ke ciwo.

Baƙon da aka ɗauka ɗan gida ne

Mu koma ga lemon Baba. Abin da ke sa gindin lemo ruɓewa yana zubar da ƙaro, sau da yawa wani ne da ake kira Faitoftora. Yana da zare kamar fumfuna, yana ruɓar da shuka kamar fumfuna, shi ya sa aka daɗe ana lissafa shi a cikinsu. Rubutun jikinsa ya nuna ba ɗan gidan ba ne sam. Danginsa na kusa wasu tsirrai ne na cikin teku. Irinsa ma iyo yake yi a ruwa da ɗan wutsiyarsa. Ɗan'uwansa ne ya lalata dankalin Turawa a ƙasar Ayalan daga 1845 har aka yi yunwa, wani kuma shi ke baƙanta 'ya'yan koko a kudancin Nijeriya.

Tunda ba jininsu ɗaya ba, ba kowane magani ke cin su duka ba. Da na karɓi ledar maganin Baba na karanta, an rubuta carbendazim. Wannan yana aiki a kan fumfunar da ke ɗiga wa ganyen mangwaro baƙi, amma ba ya taɓa Faitoftora. Ita kuma akwai nata, irin mai ɗauke da metalaxyl. Ga ribar iya karatu: ba sunan da mai shago ya faɗa za ka bi ba, ƙananan baƙaƙen da ke jikin leda za ka duba, sannan ka nuna wa malamin gona na hukumar raya aikin gona ta Kano (KNARDA) ko ta Jigawa (JARDA) kafin ka zuba kuɗinka.

Na tambayi Baba yadda yake ban-ruwa. Ya ce kwari ya yi wa kowane lemo, ruwa na kwanciya har gindi. Na ce, "Baba, ai kun gina wa mai iyo tafki." A ɗaga ƙasa kaɗan a kewaye gindin, ruwa ya tsaya daga nesa inda ƙananan saiwoyi suke. Wurin da aka yi aure ya kasance sama da ƙasa, kada a binne shi. A kuma kula da bakin fartanya wajen noma, kada ta ji wa gindi ciwo.

Aikin gida

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: fumfuna, saiwa, rauni, ƙaro, dashe.

Amsa da baki, sannan ka rubuta: Me ya sa feshin ganye ba ya maganin Fusariyum? Awo nawa na ruwa ake zuba wa awo 1 na bilic?

Kafin zama na gaba, kowa ya zaga lambunsa ko na maƙwabci ya nemo itace ɗaya mara lafiya. Ya duba ta ina ciwon ya fara, daga sama ne, ko daga gindi, ko daga inda aka taɓa sara. Wanda ke da tsohuwar ledar magani a gida ya zo da ita a ƙulle cikin wata leda, mu karanta jikinta tare.