Yadda fursuna a Amurka ke biyan kuɗin shigar da ƙarar take haƙƙi

Tun daga 1996, lokacin da aka kafa dokar PLRA mai tsara yadda fursunoni ke shigar da ƙara, ba a yafe wa fursuna a Amurka kuɗin shigar da ƙara a kotun tarayya ko da ba shi da ko sisi. Sassaucin da zai samu kawai shi ne a rarraba masa biyan.

Mai hali zai biya dala 405 a take: 350 kuɗin ƙara, 55 na gudanarwa. Wanda ba shi da hali zai nemi izinin biya kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin sashe na 1915 na dokokin kotunan tarayya. In kotu ta amince, dala 55 ɗin ta faɗi, 350 kuwa bashi ce a wuyansa.

Takardu biyu zai haɗa da takardar ƙarar. Ta farko rantsuwa ce da ke bayyana duk abin da ya mallaka. Ta biyu bayanin asusunsa na gidan yari ne na wata shida da suka wuce, wanda jami'in gidan ya tabbatar. Nan ne akan yi tuntuɓe. In an sauya masa gidan yari cikin watannin, sai ya karɓo bayani daga kowanne. Kotu kan ba da wa'adin cike giɓin, in ya wuce a kori ƙarar.

Ga lissafin biyan farko. Ana duba matsakaicin abin da ke shiga asusun a wata, da matsakaicin abin da ke zaune a ciki, a ɗauki wanda ya fi yawa, a cire kashi 20 cikin ɗari. Misali, in dala 50 ke shiga a wata, abin da ke zama kuma 20 ne, zai biya dala 10. Kuɗin da 'yan uwa ke turowa ma yana cikin lissafi. Daga nan kowane wata gidan yari zai cire kashi 20 na abin da ya shiga a watan jiya, muddin asusun ya haura dala 10, har bashin ya ƙare. Ko an kori ƙarar a makon farko, cirewa ba ta tsayawa.

Mai ƙararraki da yawa ya yi hattara. A 2016 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kowace ƙara da nata kashi 20, kuma tare ake cire su. Ƙara biyar ke nan na iya lashe kuɗin watan kaf.

Sai dokar kuskure uku. Wanda aka kori ƙararsa ko ɗaukaka ƙararsa sau uku yana tsare, saboda ba ta da tushe, ko don mugun nufi aka shigar, ko ba ta nuna wani haƙƙi da doka ta sani ba, ya rasa damar biya kaɗan-kaɗan. Dole ya ajiye 405 gaba ɗaya, sai fa in yana fuskantar haɗarin mummunan rauni a jikinsa a lokacin da yake shigar da ƙarar. Wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2020 ya ce ko korar da ta bar ƙofar sake shigarwa ana ƙirga ta.

Kafin ma a kai ga kuɗi, ya bi matakan koke na cikin gidan yarin har ƙarshe, ya adana kwafin kowace takarda. In ya tsallake, za a iya korar ƙarar, bashin kuma yana nan. Ɗaukaka ƙara kuɗinta daban ne, dala 605.