Yadda ake kwana a masaukan tsaunukan Alps

A shekarata ta uku a Munich wani abokin aikina ya matsa mini lamba sai na bi shi mun kwana a kan dutse. Da ya ce a Hütte za mu sauka, na duba ƙamus na ga ma'anarta bukka, sai na sa rai da irin rumfar makiyaya. Bayan tafiyar awa biyar, abin da na tarar gida ne sosai na dutse da katako, da kicin, da ɗakin cin abinci mai ɗumi, cike da mutane kowa da safa a ƙafa. Tun daga ranar ban bari shekara ta wuce ban koma ba. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne zangon fatake na da: ka sauke kaya, ka ci, ka kwana, ka kama hanya da sassafe, kuma maganar fatoma ita ce doka. Wanda ya je yana zaton otal ne zai sha wahala, ya kuma wahalar da jama'a.

Kafin komai, shiga ƙungiya. Yawancin masaukan nan mallakar ƙungiyoyin masu hawan dutse ne. Ta Ostiriya an kafa ta a 1862, ta Suwizalan da ta Italiya a 1863, ta Jamus kuma, wato DAV, a nan Munich a 1869, kuma ita kaɗai tana da masauki sama da 300. Katin zama ɗan ƙungiya yana rage maka kuɗin kwana sosai, kuma ƙungiyoyin suna da yarjejeniya a tsakaninsu, don haka katin Jamus yana aiki a Ostiriya da Italiya da Faransa da Suwizalan. Amma ni ba ragin ne ya fi damuna ba. Katin DAV yana zuwa da inshorar ceto a kan dutse. In ƙafa ta karye a inda mota ba ta zuwa, jirgi mai saukar ungulu ne zai ɗauke ka, kuɗinsa kuwa dubban yuro ne.

Masaukan da ke sama sosai suna buɗewa ne daga wajen tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Kama wuri tun da wuri ta intanet, musamman in daren Asabar ne. Sanannu irin su Olpererhütte a kwarin Zillertal na Ostiriya, mai gadar igiyar nan da kowa ke son ɗaukar hoto a kanta, suna cika tun da sauran watanni. Idan ka fasa, ka sanar. Fatoma ya dafa abinci da lissafinka, kuma wani ya rasa katifa saboda kai.

Wajen zaɓen hanya, kada kilomita ta ruɗe ka. A dutse hawa ake lissafawa. Ƙa'idar da ake amfani da ita ita ce mutum yana hawa mita 300 a awa, yana sauka mita 500, a shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma kilomita 4. Allunan hanya ruwan ɗorawa ne, suna ɗauke da sunan wuri da awoyin tafiya, kuma awoyin ba su haɗa da hutu ba. Ni kullum ina ƙara kashi ɗaya bisa huɗu a kai. A jihar Tirol ta Ostiriya ɗigo ja a jikin allo yana nufin hanya matsakaiciya, baƙi kuma mai wuya ce, inda za ka riƙa kama igiyar ƙarfe ga rami a gefenka. A Suwizalan fenti fari da ja da fari hanyar dutse ce ta kowa, fari da shuɗi da fari kuwa ta gwanaye ce. Sabon shiga ya bar baƙi da shuɗi tukuna.

Ga wanda zai fara, ina yawan ba da shawarar Reintalangerhütte. Ka hau jirgin ƙasa daga Munich zuwa Garmisch-Partenkirchen, ka tashi daga filin tsallen ƙanƙara na gasar Olamfik ta 1936, ka ratsa kwazazzabon Partnachklamm inda ruwa ke ruri a ƙasanka yana ɗiga a kanka, sannan ka bi kwarin har masaukin, a mita 1,369. Hanyar doguwa ce amma ba ta da tsoro. Mai ƙarfi washegari yana iya wucewa ta Knorrhütte, mita 2,051, ya nufi Zugspitze, mita 2,962, dutsen da ya fi kowane tsawo a Jamus. Don ka kwatanta, Chappal Waddi na Taraba, mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ƙarshen hawan Zugspitze tsakuwa ce mai zamewa da igiyar ƙarfe, kuma babu abin kunya in ka ƙarasa a motar igiya.

Jakar goyonka kada ta wuce kilo takwas zuwa goma. Takalmin dutse mai ƙwarin tafi, wanda ka riga ka saba da shi, don sabo bororo zai yi maka tun kafin azahar. Rigar ruwa, rigar sanyi, hula, safar hannu, cocila ta goshi, gorar ruwa, abin toshe kunne, ƙaramin tawul, da ledar zuba shara. Sai abu biyu da baƙi suka fi mantawa. Na farko Hüttenschlafsack, wani siririn buhun kwana na yadi wanda dole ne ka shiga cikinsa, domin ba kullum ake wanke barguna ba. Na biyu tsabar kuɗi. Masauki da yawa ba sa karɓar kati, ko kuma na'urar ta ƙi aiki saboda babu sabis.

Maganar tufafi ina yin ta da gaske, don na ga abin da ke faruwa. Duk hawan mita 1,000 sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri shida. Wata rana a Agusta na tashi daga kwari ana zafi, da rigar auduga a jikina. Ta jiƙe sharkaf da gumi, hadari ya taso da wajen ƙarfe biyu, iska ta buso, aka fara ƙanƙara ƙanana kamar gero. Kafin in isa masauki yatsuna sun ƙage, na kasa kwance igiyar takalmina, sai wata tsohuwa ce ta durƙusa ta kwance mini. Auduga tana riƙe ruwa ta manne a jiki. Sa rigar ulu ko ta roba mai saurin bushewa, ka ajiye busasshiya guda a cikin leda. Kuma ka yi sammako. Tsawa a Alps ta fi faɗowa da yamma, kuma ba a so ta riske ka a kan tsololo ko kana riƙe da ƙarfe.

Da ka isa, akwai tsari. Ba a shiga ciki da takalmin dutse, mu kam wannan ba baƙon abu ba ne. Akwai ɗakin takalma a ƙofa, da silifas na aro a jere, da ɗakin shanya jiƙaƙƙun kaya. Ka gaida fatoma, "Servus" ko "Grüß Gott" ya wadatar, ka nuna katinka, ya faɗa maka lambar katifarka. Sannan ka rubuta sunanka a littafin masauki, da inda ka fito da inda za ka gobe. Kada ka raina wannan. In mutum ya ɓata, littafin nan masu ceto ke fara dubawa.

Mafi arhar makwanci shi ne Matratzenlager, ɗaki guda da katifu a jere kafaɗa da kafaɗa, mutum goma ko ashirin ko fiye, maza da mata a haɗe. Gara in faɗa maka tun yanzu. Idan da iyalinka za ka, ko kuma wannan bai kwanta maka ba, nemi ƙaramin ɗaki mai gado biyu ko huɗu tun lokacin kama wuri, don su ne suke fara ƙarewa. Wanka da kuɗi ne, a jefa kwabo ruwan zafi ya zo na minti biyu ko uku, wasu wuraren ma babu sam. Ruwa a can sama tsada gare shi, kuma duk abin da ka gani a faranti ko dai da igiyar ɗaukar kaya aka jawo shi ko da jirgi. Shi ya sa ba na ƙorafin farashi, shi ya sa kuma kowa ke sauka da shararsa.

Abinci shi ne abin da 'yan'uwa Musulmi suka fi tambayata. Naman alade yana da yawa a girkin yankin, har a inda ba ka zata ba. Speck naman alade ne, kuma yana ɓuya a cikin miya da dunƙulen Knödel. Ka faɗa tun wajen kama wuri cewa marar nama kake so, ka kuma sake tambaya a kicin ko da romon me aka yi miyar. Käsespätzle, wata taliya da cuku da soyayyiyar albasa, tana ƙosarwa. Kaiserschmarrn kamar fanke ne da aka yayyaga aka barbaɗa sukari, amma tambayi ko an jiƙa zabibinsa a barasa. Radler da za ka ga kowa yana sha rabinsa giya ne. Nemi Apfelschorle, ruwan tuffa da soda, ko Skiwasser, ruwa mai zaƙin 'ya'yan itace. 'Yan ƙungiya suna da damar sayen ruwan zafi da arha, don haka ina tafiya da ganyen shayina da dabino da ɗan ƙuli-ƙuli.

Salla tana son shiri. A Yuni da Yuli magariba tana kaiwa bayan ƙarfe tara, ƙarfe goma kuma ake kashe fitila kowa ya yi tsit har shida na safe. Ni a matsayina na matafiyi ina haɗa magariba da isha'i a waje, a kan rigar ruwata, alƙibla tana kudu maso gabas. Don asuba, ina roƙon katifar bakin ƙofa, in ajiye cocila da rigar sanyi a kusa da kaina, in sulale ba tare da ƙarar leda ba. Ruwan alwala sanyi ƙarara. Amma ka idar da salla a wajen, duwatsu suna fara yin ja ta sama, ba ka jin komai sai ƙararrawar shanu can ƙasa.

Shanun nan ma a kula da su. Kada ka ce ai ka taso cikin shanu. Saniya mai ɗan maraƙi tana kai hari, musamman in ta ga kare, kuma an sha rasa rai ta haka a Tirol. Ba su hanya, kada ka ratsa tsakiyar garke, ka rufe duk ƙyauren shingen da ka buɗe.

Da keke kuwa, hanyar da na fi so ita ce daga Scharnitz, inda jirgin ƙasa ke tsayawa, ka bi kwarin Karwendel zuwa Karwendelhaus a mita 1,771. Ba ta kai kilomita 20 ba, titin tsakuwa ne, sai dai ƙarshenta hawa ne mai fitar da gumi. A Ostiriya ba kowace hanyar daji aka yarda a bi da keke ba, sai wadda aka sa wa alama, don haka duba kafin ka shiga. Hular kwano, faci, famfo, da birki mai kyau, domin saukowar ce ke kayar da mutane. Mai keken batir ya tambaya ko za a bar shi ya yi caji, wutar masauki a ƙididdige take.

Lokacin dusar ƙanƙara wata duniya ce daban, kuma a nan ba na son kowa ya yi gaban kansa. Masaukai irin su Franz-Senn-Hütte a Stubai da Jamtalhütte a Silvretta suna buɗewa daga wajen Fabrairu don masu hawa da katakon zamiya. Waɗanda suke rufe galibi suna barin ɗakin hunturu, da murhu da itace da barguna, wasu sai da makullin ƙungiya. Haɗarin shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. Kullum ana fitar da rahoto mai mataki 1 zuwa 5, kuma mataki na 3, wanda mutane ke ɗauka matsakaici ne, shi ya fi cin rayuka. Kowa sai ya ɗauki na'urar gano wanda ƙanƙara ta binne, da sandar bincike, da shebur, ya kuma iya aiki da su, don bayan minti goma sha biyar a binne damar tsira tana faɗuwa ƙwarai. Yi kwas a ƙungiya, ko ka ɗauki jagora mai lasisi.

Lambar gaggawa ita ce 112 a ko'ina, 140 a Ostiriya, 1414 a Suwizalan. In babu sabis, yi alama sau shida a minti ɗaya da usur ko cocila, ka dakata minti ɗaya, ka maimaita. Amsar masu ceto sau uku ce a minti.

Da safe ka ninke barguna yadda ka same su, ɓangaren da aka rubuta Fußende ya koma wajen ƙafa. Ka biya kuɗinka tun da dare in za ka yi sammako. Kafin ka ɗaura takalmi, tambayi fatoma labarin hanyar da za ka bi da yanayin sama. In ya ce yau kada ka bi ta wancan wuyan dutsen, ka sauka ta kwari.