Ku auna tsayin kaya bayan kun ɗora, ba kafin ba

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi. Ga masu jan tirela mai gajeren gado, wadda ake ɗaukar katafila da manyan injuna a kai, ina roƙonku da abu ɗaya: kada ku dogara da tsayin da aka rubuta a takardar kaya. Wancan tsayin injin ne yana ƙasa. Da ya hau gado sai lissafi ya canza. Ku sa ma'auni daga kwalta har ƙololuwar kaya, ku rubuta adadin ku manna a gaban sitiyari, don idan kun tunkari gadar sama ko wayoyin lantarki ba lokacin kintace ba ne.

In katafila mai haƙa ƙasa ce, a sauke hannunta ya kwanta, a kulle juyawarta, sannan a ɗaure hannun daban. Jikin injin kuwa sarƙa huɗu ne mafi ƙaranci, kowace kusurwa da tata, suna jan juna gaba da baya. Igiya ba ta wannan aikin, komai kaurinta.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaurewa su kama hanya ba waiwaye. Kaya yana zama bayan an fara tafiya, sarƙar da ta yi tam a wurin lodi sai ta saki. Ku tsaya kafin ku cika kilomita 80, ku bi sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya ku ƙara tamkewa, ku taɓa tayoyi ku ji zafinsu.

A gangara kuma, ku shiga ƙaramar giya tun daga sama. Birkin da ya yi zafi ba ya riƙe tan 60.