Yadda zaka saurari kogi da na'urar jin motsin ƙasa

Jama'a, duk wanda ya taɓa kafa ma'aunin ruwa a cikin kogi ya san ƙarshensa, ranar da aka fi buƙatarsa wato ranar ambaliya ranar ruwa ke tafiya da shi. To akwai dabarar da ba sai ka sa komai cikin ruwan ba. Kogi in yana gudu yana tunkuɗa duwatsu da tsakuwa, ƙasar gefensa rawa take, ƙafarka ba zata ji ba amma na'urar girgizar ƙasa tana ji. A ambaliyar kwarin Ahr na Jamus, watan Yulin 2021, wata na'ura da aka kafa don girgizar ƙasa ce ta naɗi wucewar ruwan bayan ma'aunan kogin sun lalace.

Mai araha da aka fi sani ita ce Raspberry Shake, wani kamfani a Panama ke haɗa ta, ƙaramar kwamfuta ce Raspberry Pi da jiyofon, wato ɗan abun da ke jin motsin ƙasar, mai 4.5 Hz a jiki (Hz shine yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya), tana ɗaukar motsi sau 100 duk daƙiƙa. Sai ka haɗa mata sola da batir da abun rage wuta zuwa 5V, kuma ka tabbata agogonta daidai yake ta intanet ko GPS, in lokaci ya karkace aikin ya tashi a banza.

Wajen kafawa nan ne mutane ke kwafsawa. Nemi tudu kusa da gaɓa inda ruwa baya kaiwa, kamar taku ashirin zuwa hamsin, ka haƙa rami wajen rabin mita, ka zuba ɗan siminti ya zauna daidai, ka sa na'urar cikin mazubin da ruwa baya shiga ka rufe. Nesa da titi fa, nesa da injin niƙa da janareta da injin ban ruwa na 'yan fadama, har mashayar shanu, wallahi garke ɗaya zai cika maka bayanan da shirme. Bishiya ma ka guje ta don iska na girgiza saiwa. Inda ruwa ke faɗawa kan duwatsu yafi bada sauti, kogin yashi mai tafiya lumui kam sai ka matso sosai.

Amma ka sani, na'urar nan ƙara kawai take ji, bata san mita nawa ruwa ya kai ba, kai zaka koya mata. Kafa sanda mai awo a gaɓa, safe da yamma ka rubuta tsayin ruwa da lokaci, damina guda cur. Sannan ka buɗe bayanan da ObsPy, manhaja ce kyauta da ke aiki da yaren kwamfuta na Python, ka tace tsakanin 5 zuwa 40 Hz, ka fitar da ƙarfin ƙarar duk minti goma, ka jera shi gefen abun da ka rubuta a littafi ko a Excel. Fara da bayanan dare, lokacin gari yayi tsit.

Zaka lura tsayin ruwa ɗaya yana iya bada ƙara biyu, lokacin hawa yakan fi ƙarfi akan lokacin sauka, tsakuwar da ruwan farko ya kwaso ce, na'urarka lafiya take. Ruwan sama mai ƙarfi shima yana buga ƙasa, don haka duk ranar da aka yi ruwa ka sa mata alama a littafin.