Yadda za ka zaɓi dutsen da za ka je wasan zamiyar ƙanƙara

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Ringim, sanyin da na sani shi ne na hunturu, mu kewaye wutar kara da asuba. Da ƙanena mai karatu a Turkiyya ya gayyace ni hutu a watan Janairu, sai da muka yi kwanaki muna shawarar inda za mu.

Fara duba tsayin dutsen, domin dusar ƙanƙara ta fi zama a sama. Dutsen Uludag, kusa da birnin Bursa a Turkiyya, ya haura mita 2,500, kuma daga cikin gari ake hawa ƙaramar mota mai tafiya a kan igiyar ƙarfe. Mu can muka je.

Sannan ka tambayi launin hanyoyin zamiyar, domin da launi ake nuna wahalar kowace hanya. Kore da shuɗi na ɗan koyo ne, ja na waɗanda suka ɗan iya, baƙi na gwanaye. Wallahi kar ka yi karambani. Ranar farko na faɗi sau shida a kan kore, yatsuna sun sandare saboda safar hannun ulu na saka, ta jiƙe sharkaf. Sayi wadda ruwa ba ya shiga. Takalmi da sanduna kuwa haya ake bayarwa, kar ka ɓata kuɗinka. Ka nemi wurin da ke da malamin koyarwa.

Shamoni ta Faransa, inda aka yi Olamfik ɗin hunturu na farko a 1924, ta yi suna, amma sai da bizar Shengen (ta shiga yawancin ƙasashen Turai), ga tsada. A Turkiyya abincin halal da masallaci ba su ba mu wahala ba ko kaɗan.