Yadda ake ajiye ragar buga riga da zanen yanka a shago

Raga, wato ƙyalle mai ƙananan idanu da aka ɗame a kan katako, ba ta cika mutuwa wajen bugu ba, wajen ajiya take mutuwa. Abu na farko shi ne wanki. Fentin da ake wankewa da ruwa yana bushewa a cikin idon raga cikin ƴan mintoci, musamman da hunturu a Damagaram, in kuwa ya toshe, sai dai a kankare zanen gaba ɗaya. Kwashe ragowar fentin da guntun kwali, kada ka sa wuƙa. Wanke gaba da baya da soso mai laushi, ka ɗaga ragar sama ka duba ko haske na ratsa kowane harafi, sannan ta bushe a inuwa.

Kada ka jibga su ɗaya kan ɗaya. Nauyi yana sassauta ragar, kusurwar katako kuma tana huda ta ƙasa. A tsaye ake jera su kamar littattafai. Ka sa kafinta ya yi maka kanta mai tsagi, tazarar santimita 3 tsakanin kowace, ka ɗora ta kan bulo don kada ta taɓa ƙasa, saboda gara da danshin damina. Nesa da rufin kwano kuma: zafin watan Afrilu da Mayu ya kan wuce digiri 40, katako ya murɗe, bugu ya fito a karkace. Lulluɓe kantar da tsohon ƙyalle saboda ƙura.

A gefen katakon da ke kallonka, rubuta sunan wanda ya ba da aikin da lambar raga, wato yawan zarenta a kowace santimita, 43 ce ko 90, don ta 43 ta fi sakin fenti a kan riga, ta 90 kuma ta ƙananan rubutu ce. Wadda aka shafa wa maganin haske, wanda ke taurarewa in haske ya taɓa shi, ba a ɗora zane ba tukuna, sai kwali mai rufi, cikin duhu.

Zanen yanka kuwa, wato wanda ake yanke haruffa a jikinsa fenti ya bi ta ramukan, ko na roba ne ko na tsohon hoton ƙashi na asibiti, a kwance yake so. Sa takarda tsakanin kowane biyu, in ba haka ba fenti ya manne su, ƴan siraran mahaɗan da ke riƙe cikin O da A su tsinke. Kada ka naɗe shi. Wanda ya lanƙwashe, danne shi da katako mai nauyi kwana biyu.

Na makarantu ambulan ɗinsu daban, na ƙungiyoyin ƙwallo daban, kowane da samfurin bugu ɗaya manne a bayansa. Ragar aikin biki da suna kuwa, da wuya a dawo nemanta. Bayan wata uku kankare ragar ka ɗora sabon aiki.