Yadda Ake Gane Bugun Zuciya Kafin A Ce "Ai Olsa Ce"

Yawancin waɗanda bugun zuciya ke kayarwa ba farat ɗaya suke faɗuwa ba. Jiki kan fara yi musu ishara, su kuma su ce olsa ce ta tashi. Haka kawuna ya yi. Bayan isha'i ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, aka jiƙa masa kanwa, aka aiki yaro kemis ya sayo maganin ƙwannafi. Sai da asuba muka kai shi asibiti. Allah Ya yi da sauran kwana, amma har yau ba ya hawa bene bai tsaya ya huta ba.

Da farko ka tambayi mai ciwon ƙirjin yadda ciwon yake, idonka a kan hannunsa. Wanda ya nuna wuri guda da yatsa, ko ya zabura in ka danna wurin, galibi tsoka ce ko haƙarƙari. Mai bugun zuciya dunƙule hannu yake yi ya kifa a tsakiyar ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa buhun gero. Sau da yawa ma ba ya ce masa ciwo, nauyi yake cewa. Ka tambaya ko yana miƙewa zuwa hannun hagu, wuya, muƙamuƙi ko tsakanin kafaɗu. Ka taɓa goshinsa: zufa mai sanyi alhali ba a zafi babbar alama ce, balle ta haɗu da haki ko tashin zuciya.

Inda muka yi kuskure shi ne maganar olsa. Idan hanyar jinin da ke zuwa ƙasan zuciya ta toshe, ciwon kan sauko saman ciki, har da gyatsa da amai, sak irin na gyambon ciki. To ka binciki kwanakin baya. Da yunwa ko yaji yake tashi? Ko kuwa sai ya yi sauri zuwa masallaci, ko ya ɗauki kaya, sannan ya lafa in ya zauna? Na biyun nan gargaɗi ne, yakan zo kwanaki ko makonni kafin babban bugun. Kuma don ya ɗan ji sauƙi bayan maganin ƙwannafi, wannan bai wanke zuciya ba. Ni dokata ita ce: duk wanda ya haura 40, yana da hawan jini ko suga ko yana shan taba, ya ce olsa yana zufa, to zuciya ce har sai gwaji ya ƙaryata ni. Mata da tsofaffi da masu suga kuwa wani lokaci ƙirjin ba ya ciwo sam, sai kasala mai tsanani da ƙarancin numfashi.

Nauyin ya kai 'yan mintuna bai tafi ba? Kada a jira gari ya waye. A zaunar da shi a jingine. Ya tauna asfirin mai 300mg, sai dai in jikinsa ba ya karɓarsa ko yana da olsa mai zubar da jini. A Najeriya a kira 112, in ba motar asibiti kusa a nemi ta maƙwabci ko adaidaita, kada dai ya tuƙa da kansa. A nufi asibitin da ke da na'urar gwajin zuciya ta ECG kai tsaye. Kuɗin gwajin bai kai abin da ake ɓatarwa a zagayen kemis da ƙananan asibitoci ba.

In ya faɗi numfashi ya tsaya, a kwantar da shi a ƙasa, a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har a samu ma'aikacin lafiya.